Mai Jinya Ma Yana Buƙatar Darasi: Shanyewar Ɓarin Jiki a Zangon Kumasi

Sunan da Bahaushe ya raɗa wa wannan cuta, wato shanyewar ɓarin jiki, ya kwatanta abin da ido ya gani ne kawai: hannu ya saki, ƙafa tana ja, baki ya karkace. Bai ce komai ba game da inda ɓarnar ta auku. A ƙwaƙwalwa take, lokacin da wata jijiyar jini ta toshe ko ta fashe. Wannan giɓi da sunan ya bari shi ne ake cikewa da zancen iska ko jifa, har a kwana biyu ana hayaƙi da shafe-shafe a ɗaki, alhali daga Aboabo ko Asawase zuwa Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye tafiya ce ta cikin gari. Addu'a ba ta hana shiga mota. Maganin da ke narkar da gudan jini kuwa amfaninsa yana cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a san ko toshewa ce ko fashewa.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne. Binciken SIREN, wanda aka gudanar a asibitocin Ghana da Nijeriya, ciki har da na Kumasi da Kano da Zariya, ya fitar da sakamako a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin kamuwa da cutar yana da nasaba da hawan jini. Ya kuma ambaci ciwon sukari da ƙara gishiri a abinci da ƙarancin cin ganye. Duk waɗannan a tukunya da tsakar gida ake yaƙarsu.

Nan ne batun yake. Asibiti yana riƙe majiyyaci 'yan kwanaki ko makonni, sannan ya miƙa shi ga matarsa ko 'yarsa ko surukarsa, wadda za ta ɗauki nauyinsa shekaru. Ita ce za ta san cewa wanda ba ya iya motsi ana juya shi kusan duk bayan awa biyu don kada gyambo ya ci bayansa. Ita ce za ta san cewa ba a ɗura masa koko yana kwance, domin haɗiya kan samu matsala, abin ya bi ta hanyar numfashi ya haifar da ciwon huhu. Ba a jan shi ta shanyayyen hannu wajen tayar da shi, don kafaɗar na iya gocewa. Maganin hawan jini kuma ba a daina shi don an ga sauƙi, tunda wanda cutar ta taɓa bugewa ya fi kowa kusa da bugu na biyu. Wa ya zaunar da ita ya koya mata? Bayanin sallama yakan zo a gurguje, sau da yawa da Turanci ko Twi, ga mutanen da Hausa ce harshen gidansu.

An gwada wata hanya a Kumasi ɗin. Farfesa Fred Stephen Sarfo da abokan aikinsa sun yi gwajin da suka kira PINGS da majiyyata 60, inda wasu suka karɓi na'urar awon jini da wayar hannu, suna auna kansu a gida, ma'aikatan jinya suna bibiyarsu. Gwajin ƙarami ne, amma ya nuna cewa majiyyaci na iya riƙe ragamar lafiyarsa idan akwai mai sa ido.

Zango yana da abin da ya fi waya, wato al'adar dubiya. Sai dai dubiyar tana cika ɗaki a makon farko, ta ƙafe a wata na uku, daidai lokacin da mai jinya ta gaji, jarinta na kasuwa ya karye, majiyyacin kuma ya shiga ƙunci da yawan kuka, wanda shi ma ciwo ne mai magani. Da za a tsara ta, maƙwabta su riƙa karɓar mai jinya yini guda a mako, a ajiye na'urar awon jini a masallacin unguwa, a gayyato likitan gashin ƙashi ya nuna wa iyalai motsa gaɓoɓi da Hausa, da an rage wahala mai yawa da kuɗi kaɗan. Ƙungiyoyin mata masu adashi za su iya ɗaukar nauyin sabunta katin inshorar lafiya ta ƙasa, wadda Ghana ta kafa dokarta tun 2003.

Za a ce wannan aikin hukuma ne, kuma gaskiya ne cewa unguwa ba za ta maye gurbin likita ba. Amma limami da fadar Sarkin Zango da gidajen rediyo masu shirye-shiryen Hausa suna shiga ɗakunan da ma'aikacin lafiya bai taɓa leƙawa ba. Ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da wannan cuta a duniya, kuma huɗubar Juma'ar wannan makon ta isa ta koya wa sahu guda alamomi uku: karkacewar baki, sakin hannu, da sarƙewar harshe.