Ma'aikaci, Ina Rumbunka?

Babu maganar da ta fi yawo a ofisoshin gwamnati a 'yan shekarun nan kamar ta albashin da ba ya kai mutum ƙarshen wata. Daga masinja har zuwa manyan jami'ai, duk wanda ka taɓa sai ya ce maka kafin goma ga wata aljihu ya yi fayau, sauran kwana ashirin kuwa sai bashin mai kanti da na mai awo. Kukan nan na gaskiya ne. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 1999 ba a ga ranar da ta sauya zaman ma'aikaci ba kamar takwararta ta 2023, ranar da aka ba da sanarwar janye tallafin man fetur, sa'an nan a watan da ya biyo aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota da na masarufi suka yi tashin gwauron zabo. A watan Yuli na 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga N30,000 zuwa N70,000, amma a ƙarshen wannan shekara buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi wannan kuɗi tsada.

Duk da haka akwai tambayar da ya kamata magidanci ya yi wa kansa. Ga mutum yana riƙe wa gwamnati littafin kuɗi, ba ya fitar da kwabo sai da bauca, yana kwana a ofis idan lokacin kasafin shekara ya zo, amma ka tambaye shi kwano nawa na hatsi gidansa ke ci a wata, sai ya yi shiru. Ra'ayinmu shi ne, rabin wahalar ma'aikaci daga kasuwa take, ɗaya rabin kuma daga gidan da aka bari ba tsari, wanda komai nasa sai an sayo, kuma a lokacin da ya fi tsada.

Ba yau aka fara ba. Dattawan ma'aikata suna tune da ƙarin albashin Udoji, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta biya a farkon 1975 haɗe da ariyas tun daga Afrilun 1974. Aka sayi babura da rediyo da firji, aka ƙara aure, gidaje suka koma burodi da madarar gwangwani da shinkafa 'yar waje. Kafin shekarar ta ƙare farashin kaya ya hau da fiye da kashi 30 cikin ɗari, ƙarin ya bi ruwa. A 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, tana roƙon kowa ya shuka wani abu ko da a bayan ɗakinsa ne. A 1982 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo dokar tsuke bakin aljihu, jama'a suka shiga layin sabulu da sukari da madara. A 1986 kuma aka shiga shirin tayar da komaɗar tattalin arziki na Janar Ibrahim Babangida. Darasin waɗannan shekaru ɗaya ne: duk ƙarin da aka yi wa ma'aikaci kasuwa na jiransa a bakin ƙofa, abin da ba ta iya ƙwacewa kawai shi ne wanda ya riga ya shiga rumbu.

Gidan Bahaushe na da ya san wannan sarai. Da kaka ake cika rumbu da gero da dawa, a auna abin da zai kai iyali wata kakar. Daga kalwa ake yin daddawa, ganyen kuka da kuɓewa a shanya su a daka, gyaɗa a matse ta a sami mai, tunkuzar a soya ƙuli-ƙuli. Zogale shi ne shingen gida, 'yar akuya da kaji su ne asusun uwargida. Ba muna cewa a koma turmi da dutsen niƙa ba ne, domin wahalar da iyayenmu mata suka sha ba abin marmari ba ce, kuma mai ɗaki biyu a gidan haya ba shi da filin gina rumbun ƙasa. Hikimar da ke cikin tsarin ita ce abin ɗauka, wato a sayi abu lokacin da ya yi yawa, a adana shi, abin da hannu zai iya yi kuma kada a kai wa kasuwa kuɗinsa.

Matakin farko shi ne rubutu. Maigida da uwargida su sami littafi ɗaya, su yi wata guda suna rubuta duk abin da ya fita, tun daga kuɗin awo har na katin waya da tsiren dare. Mafi yawan waɗanda suka gwada haka sukan tarar ƙananan ramuka ne ke shanye albashi, ba manya ba. Bayan nan a jera manyan buƙatun shekara. Kuɗin haya ba ya zuwa ba zata, haka nan kuɗin makaranta na zango uku, da azumi, da salloli biyu. Alal misali, mai biyan hayar N240,000 a shekara ya sani cewa N20,000 daga albashinsa na kowane wata ba tasa ba ce, ya ware ta tun ranar da kuɗi suka shigo. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma sau nawa muke ganin magidanci yana zagaya ofisoshi neman rance ana jibi Salla?

Mataki na biyu shi ne awon kaka. Daga watan Oktoba zuwa Disamba sabon hatsi ke cika kasuwanni, kuma a mafi yawan shekaru lokacin ne ya fi araha, ya fi tsada da damina ta yi tsakiya. Buhu yana ɗaukar wajen kwano arba'in, mai sayen kwano-kwano kuwa yana biyan ribar ɗan kasuwa sau arba'in. Idan mutum ɗaya ba zai iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ma'aikata biyar ko goma su haɗa kuɗi, su aika mutum Dawanau ko kasuwar ƙauye mafi kusa, a sayo a raba. Masu adashi su tsara kwasarsu ta faɗo a kaka, ƙungiyoyin gama kai na ma'aikatu kuma su fifita bashin hatsi a kan bashin talabijin. Sai dai a lura, awon nan na ci ne, ba na neman riba ba. A 2025 farashin hatsi ya faɗi warwas, masu ɓoye kaya don su sayar da tsada suka tafka asara. Wanda ya sayi abin da iyalinsa za su ci kuwa, ko farashi ya sauka bai kwana da yunwa ba.

Ajiya ma tana da ilminta. Wake musamman ƙwari ba sa raga masa, abin da ya sa wasu ke zuba masa maganin ƙwari, wanda guba ne ga mai ci. Akwai buhun nan mai rufi uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tare da takwarorinsu na Afirka. Leda biyu ce a ciki da buhun saƙa a waje. Idan hatsi ya bushe sarai aka ɗaure kowane rufi tam, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu ba tare da an sa ko ɗigon magani ba. Jarka mai tsabta da murfi mai kyau ita ma tana yin wannan aiki.

Haka zancen yake ga kayan miya. Daga Janairu zuwa Maris tumatir ɗan rani daga Kadawa da Kura da sauran wuraren noman ban ruwa yakan yi yawa har ya ruɓe a kwando, amma da damina ta faɗi sai ya zama na masu hali. Ba a manta da 2016 ba, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir har ya gagari mafi yawan gidaje. Uwargidan da ta yanka kwando biyu da rani ta shanya a kan tabarma mai tsabta, nesa da ƙurar titi, ta haɗa da tattasai da attaruhu, ta sallami kanta daga tumatirin leda na wata da watanni. Alayyafo da yakuwa da zogale kuwa suna fitowa a tsohon buhu ko fasasshen bokiti, ruwan alwala ma ya ishe su.

To, a nan ne ya wajaba a gaya wa maza gaskiya. Kusan duk aikin da muka lissafa a kan mata yake faɗawa, kuma da yawa daga cikinsu a yau malaman makaranta ne ko ma'aikatan asibiti, suna dawowa gida a gajiye kamar kowa. Maigidan da yake ɓoye wa matarsa albashinsa, ya jefa mata kuɗin cefane da safe ya fice, ba shi da bakin cewa ta yi tattali, domin ba a tattalin abin da ba a san yawansa ba. A zauna da ita a yi shawara, a raba aikin har da yara maza, abin da ta rage ta hanyar ƙoƙarinta kuma a san cewa tana da haƙƙi a ciki. Ɗalibai ma abin ya shafe su. Wanda ya koyi dafa abincinsa da raba guzurinsa ya kai shi ƙarshen zango, ya riga ya ci jarrabawar da ba a rubutawa a takarda, wadda da yawa daga magabatansa suka faɗi.

Sauran babban rami shi ne na bukukuwa. Anko kala uku a biki ɗaya, lefe akwati goma sha biyu, kayan ɗakin da uba zai shekara biyar yana biyan bashinsu, duk don kada a ce wane ya gaza. Zumunci wajibi ne, amma gasa ba ta cikinsa. Daidai ruwa daidai tsaki. Addininmu ya hana almubazzaranci kamar yadda ya hana rowa, saboda haka wanda ya ƙuntata wa iyalinsa da sunan tsimi alhali yana wadata kansa a waje, shi ma ya kauce hanya.

Wani zai ce, wanda bai ƙoshi ba me zai ajiye? Magana ce mai nauyi, kuma ba mu ce tsimi zai maye gurbin albashi mai kyau ba. Haƙƙi ne a kan gwamnatoci su biya albashi da fansho a kan kari, su kuma tsare hanyoyi da gonaki domin manomi ya noma, abinci ya iso kasuwa. Muna ma ba gwamnatocin jihohi shawara su riƙa ba ƙananan ma'aikata bashin awo mara ruwa a watan Nuwamba, a riƙa cirewa kaɗan-kaɗan cikin shekara. Amma mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi kowa buƙatar tsari, domin shi ne kuskuren Naira dubu ɗaya ke hana wa barci. Da yayyafi kogi kan cika.

Ƙissar Annabi Yusufu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ishe mu misali: tanadin shekaru bakwai na wadata shi ya tsirar da Masar a shekaru bakwai na fari. Ma'aikaci ba shi da gona, amma yana da kaka sau goma sha biyu a shekara. Ya rage gare shi, idan albashin wannan wata ya shigo, ya fara zama da iyalinsa da littafi da alƙalami kafin ya nufi kasuwa. Allah ya sa albarka a cikin abin da muke samu, ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.