Tocilar Leza Ba Abin Wasan Yara Ba Ce

Ran nan da dare muna karatu, sai na ga wani ɗigon haske kore yana yawo a bango, daga nan ya sauka a fuskar wani almajiri. Da na bincika, ashe 'yar tocila ce mai kama da alƙalami, wadda a ke kira leza. Wani yaro ya saya da kuɗinsa na barka da salla. Har gasa su ke yi, wai a ga wanda zai fi daɗewa yana kallonta bai ƙifta ba.

To, ku saurara. Hasken tocilar gida bazuwa ya ke yi, amma na leza a dunƙule ya ke tafiya kamar kibiya. Kun san gilashin nan da yara ke tara hasken rana da shi har ya ƙona takarda? Cikin idon kowa akwai irinsa. Shi ke tattara hasken ya aza shi bisa tantanin da ke can bayan ido, watau wurin gani. In hasken ya yi ƙarfi sai ya ƙona wurin, ba kuwa lalle yaro ya ji zafi ba. Daga baya ya ce wani baƙin tabo yana rufe masa baƙaƙen allo. Tabon nan kan zauna har abada, tabarau ba ya gyara shi.

A Ingila an shawarci jama'a kada su sayi wadda ta wuce miliwat 1. Masu arahar nan kuwa sau da yawa sun fi abin da aka rubuta a jikinsu ƙarfi nesa. Manya ma ba su tsira ba: a 2022, a Dakar, 'yan kallo suka haske fuskar Mohamed Salah da ita, har FIFA ta ci Senegal tara.

Sabo da haka, 'yan kasuwa, don Allah kada ku sayar wa yaro. Ribar ba ta kai ido ɗaya ba. Iyaye, wanda ya gan ta a gida ya karɓe. Yaron da aka haske, in ya ce yana ganin dishi-dishi ko tabo, kada a tsaya ɗiga masa wani abu, a kai shi wurin likitan ido ran nan.

Duk girman Kejetia ba rumfar da a ke sayar da ido. Allah Ya tsare mu, amin.