Aikin da yaro yake yi cikin aji

Kowace shekara, idan watan Oktoba ya kama aka koma lakwal, rahotanni sukan taso daga jihohi zuwa Yamai ɗauke da lissafi: yara kaza aka rubuta, aji kaza aka gina, tebur kaza aka raba, malamai kaza aka tura. Lissafin nan yana da amfaninsa, babu mai musu. Amma akwai wata tambaya wadda ba kasafai take shiga rahoto ba, alhali kuwa ita ce uwar sauran. Daga lokacin da aka buga ƙarfe da safe har zuwa lokacin da aka tashi, me yaro ya yi da bakinsa, me kuma ya yi da hannunsa?

A ɗauki Dogo misali, cikin gundumar Mirya, kudu da birnin Damagaram bisa hanyar Magarya. Ƙasa ce ta manoma, masu hatsi da gyaɗa a tudu, masu rake da kayan lambu a fadamun Korama. Yaron da ya tashi a nan ba ya shiga lakwal da kai fanko. Kafin ya cika shekara 7 ya iya kiwon awaki, ya san tiya da rabin tiya, ya san canjin kuɗi, kuma sau da yawa ya riga ya zauna gaban malam a makarantar allo, wadda ta kafu a ƙasar Damagaram tun kafin zamanin Sarki Tanimun. Abin da ake nema ga lakwal shi ne ta karɓi wannan yaro da guzurinsa, ta riƙe shi shekara 6, daga aji na farko da ake kira CI zuwa aji na shida da ake kira CM2, ta sallame shi yana karanta takarda ya gane, yana rubuta wasiƙa a gane, yana lissafi ba a cuce shi ba.

A aji ɗaya da aji biyu babban makamin malami shi ne allon hannu da alli. Akwai wata tsohuwar dabara da aka gada daga wata makaranta ta birnin Liyon na Faransa mai suna La Martinière, wadda duk wanda ya taɓa zama bisa bencin lakwal a ƙasar nan zai tuna da ita. Mushe ya faɗi tambaya, ya yi shiru yara su yi tunani. Ya buga tebur, kowa ya rubuta. Ya sake bugawa, kowa ya ɗaga allonsa sama. Da kallo ɗaya malami ya ga wanda ya gane da wanda ya ɓata hanya, ko da yaran sun kai 70. Wanda ya yi kure ya goge ya gyara nan take, ba a jira ƙarshen wata ba. Babu wata na'ura da ta fi wannan dabara araha, kuma kaɗan ne suka fi ta aiki. Duk da haka akan tarar da aji inda rabin yara ba su da allo, ko suna da allo babu alli, sai su naɗe hannu suna kallon ƴan uwansu. Yaron da ya yi wata uku yana kallo ya riga ya koyi darasi guda, wato cewa aikin aji na wasu ne.

Karatu kuwa, a nan ne ake yawan ruɗin kai. Mai wucewa ta bayan taga ya ji murya 60 sun tashi gaba ɗaya suna bin malami, sai ya ce lalle makarantar nan tana aiki. Amsa amo yana da daɗin ji, kuma yana da wurinsa, domin da shi ake sabar wa kunne da harshe. Sai dai cikin wannan taron murya raggo yake ɓuya, da mai jin kunya, da wanda idonsa ba ya hangen babban allo. Yaro yana iya haddace shafi sarai, a juya masa littafin a nuna masa kalma ɗaya a tsakiya ya kasa. Hadda ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, makarantar allo ta san darajarta. Amma a can ma malam yakan kira almajiri shi kaɗai ya biya karatunsa kafin a ba shi izinin wanke allo. Ya kamata lakwal ta ari wannan hali: kowace rana wasu yara su tashi ɗaya bayan ɗaya su karanta layin da ba su taɓa ji ba, malami yana riƙe da sunayensu domin kada mako ya ƙare da saura wanda ba a ji muryarsa ba.

Wanda yake ganin maganar ta yi tsanani ya dubi sakamakon gwajin PASEC, wanda ƙasashe masu aiki da Faransanci suke yi wa ƴan makarantunsu. A gwajin 2014, cikin yaran Nijar da suka kai aji shida, waɗanda suka iya karatu yadda ake bukata ba su kai 1 cikin 10 ba. A gwajin 2019 an samu ci gaba, suka kai kimanin 3 cikin 10. Ci gaban abin yabo ne, kuma guminsa na malamai ne. Amma sauran 7 ɗin su ma ɗiyan mutane ne, sun yi shekara 6 suna tafiya da dawowa, uwayensu sun rasa hannunsu a gona da gida bisa alkawarin da ba a cika ba.

Lissafi ya fi komi tona asirin tazarar da ke tsakanin aji da gari. Yarinyar da take tallar rake ko ƙuli-ƙuli a bakin hanya ba ta yin kure. A ba ta jika ɗaya a sayi na dala 35, za ta mayar da dala 165 kafin mai saye ya gama laluben aljihunsa. Washegari a aji a ce mata ta ɗebe 175 daga 1000, sai ta sunkuyar da kai. Lissafin ɗaya ne, kuɗin ma ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne gari yana ƙirga da dala, littafi yana ƙirga da faran, kuma babu wanda ya taɓa tsayawa ya gaya mata dala ɗaya faran 5 ce, jika kuma faran 1000 ce, wato dala 200. Bugu da ƙari, ƙirgan Faransanci yana da nasa tarko: saba'in a wurinsu sittin da goma ce, tamanin ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Yaron da aka faɗa wa lamba irin wannan da baki yakan rubuta 4, ya rubuta 20, ya rubuta 10, kuma a gaskiya abin da ya ji ya rubuta. Malami mai basira yakan kafa ƴar kasuwa a kusurwar aji, da tiya, da tsakuwa, da karare ɗaure goma goma, wannan ya zama mai saye wancan mai sayarwa, a yi ciniki da dala sannan a juya shi bisa allo da faran. Darasin ninkawa da 5 ke nan, ba tare da an sayi komi ba.

Wannan ya kawo maganar harshe, kuma jihar Damagaram tana da bakin magana a kai, domin a nan ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko a 1973, kusa da makarantar horon malamai, inda aka fara koya wa yara karatu da rubutu da Hausa kafin a shigar da su Faransanci. Kafin nan, da ma bayan nan a sauran makarantu, dattawa suna tuna da sambol, wani ƙashi ko guntun icce da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa, ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin yamma. Binciken da aka yi wa makarantun gwaji ya nuna yaransu sun fi sakin jiki da magana a aji, kuma ba su kasa takwarorinsu ba ko a Faransancin kansa. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yuni 1998 ta ce harshen uwa ne harshen koyarwa a farkon makaranta, Faransanci kuma darasi ne tun daga shekarar farko. A 2015 aka fara gwada sabon tsarin karatu da harsunan ƙasa a makarantu 500. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Takardu dai sun cika. Abin da ya rage shi ne malami wanda ya iya rubuta Hausa bisa ƙa'ida, domin jin harshe daban, sanin inda ake sa ƙ da ɗ da ɓ daban. Da littafi wanda ya iso Dogo a watan Oktoba maimakon watan Afrilu. Da gada mai ƙwari tsakanin harsunan biyu, kada yaro ya kai aji huɗu a sake shi cikin Faransanci kamar wanda aka jefa rijiya ba guga.

A manyan azuzuwa aiki yakan koma kwafe. Malami ya cika babban allo da taƙaitaccen darasin tarihi ko na kimiyya, yara su kwashe cikin kaye, gobe su maido masa da shi kalma bayan kalma. Inda littafi ya yi ƙaranci ba a ga laifin malami ba, kayen ne ya zama littafi. Amma awa biyu na kwafe ba su kai rabin awa na dubawa da ido ba. Darasin tsiro yana bakin ƙofa: a shuka wake cikin gwangwani uku, ɗaya a rana, ɗaya a duhu, ɗaya ba ruwa, yara su auna su rubuta abin da suka gani kowace safiya. Darasin zaizayar ƙasa da yashi mai cinye fadama yana nan bakin Korama, kuma kowane tsoho a garin zai iya faɗa wa yara inda ruwa yake kaiwa a ƙuruciyarsa. Haka nan shifta, wadda ƴan lakwal suka sani da dikte: in an yi ta domin a ƙirga kure a ba da sifiri, tsoro kawai take koyarwa, in an gyara ta tare, kowa ya sake rubuta kalmar da ta kayar da shi, sai ta zama magani.

Tun wajen ƙarshen shekarun 1980 tsarin karatu ya tanadi ayyukan hannu, irin su lambu, kiwo da sana'a. Nufin mai kyau ne, musamman a ƙasar lambu kamar Dogo, inda za a auna fangali da mita, a lissafa kuɗin iri da ribar albasa, a rubuta komi cikin kaye. Sai dai a kula. Aikin hannu da ba a haɗa shi da awo da rubutu ba ƙwadago ne kawai, kuma uban da ya ga ɗansa yana noman gonar wani da sunan darasi yana da hujjar cewa gara ya yi a tasa. Haka kuma a duba wa ake ba tsintsiya da bokiti. Idan kullum ƴan mata ne suke shara da ɗebo ruwa lokacin da maza suke zaune ana lissafin ka, to kada a yi mamaki ranar da aka ga sun ragu a aji shida.

Duk wannan yana bukatar lokaci, lokaci kuwa shi ne abin da ya fi zuba. A ƙauyuka da yawa aji rumfar kara ce, kara kuma ba ya samuwa sai an gama girbin hatsi, saboda haka komawar Oktoba takan zama ta Nuwamba. Ruwan farko na Mayu ko Yuni ya watsa rumfar, ya kira yara shuka. Tsakanin nan ga ranar kasuwa, ga tafiyar malami birni karɓar albashi, ga yajin aiki idan albashin ya makara. Rumfar kara ma ta ci rayuka: yara 20 suka rasu cikin gobara a Yamai a watan Afrilu na 2021, aƙalla 25 kuma a Maraɗi a watan Nuwamba na wannan shekarar. Gina aji na ƙwarai da biyan malami kan kari nauyin hukuma ne, babu mai sauke mata shi. Mai duba makarantu kuwa, idan ya zo rangadi, kada ya tsaya ga takardar shirin darasi da rajista a ofishin darakta. Ya zauna bencin baya, ya zaɓi yara biyar da kansa, ya miƙa musu littafi.

Uwaye ma suna da ƙofa. Kwamitin kula da makaranta, wanda aka fara ƙarfafawa a jihar Tawa a 2004 da taimakon ƙasar Japan kafin ya game ƙasa, jama'a ne suke zaɓen mutanensa, kuma a wurare da dama shi ya kafa rumfa, ya sayi alli, ya shirya karatun yamma. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan ne waɗanda suka yi yaƙi da jahilci suke da rawar da babu mai taka musu. Tun 1963 ƙasar nan take koya wa manya karatu da harsunansu, kuma wanda ya zauna bisa tabarma da furfurarsa ya koyi baƙaƙe ya fi kowa sanin bambancin bin murya da karatu na gaske. Ba sai ya ji Faransanci ba kafin ya buɗe kayen ɗansa da dare. Zai ga kwanan wata a kan kowane shafi, ya san ko an yi aiki jiya da shekaranjiya. Zai ga jan bik na malami, ya san ko an duba aikin ko an bar shi. Yana iya rubuta sunan garinsu da sunan kakan yaron a ƙasa da yatsa ya ce a karanta masa, ya kuma tambayi kuɗin tiya uku na hatsi da dala, sannan da faran. Idan yaro ɗan aji uku ya kasa, uban ya je ya ga mushe tun a watan Disamba, a zauna a san abin yi, tun da sauran wata shida kafin hutun damina.