Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ƙwadago: A Bi Sawun 'Yan Kwangilar Leburori

Mai girma Minista,

Na rubuto ne a kan leburorin da ke aiki a masana'antu da manyan sito-sito na kayan gona a Kano, waɗanda da yawansu ba za ka sami sunansu a littafin albashin kowane kamfani ba.

Ranka ya daɗe, a watan Yunin 2020 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa da ke Challawa, suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka rufe a ciki tun ƙarshen Maris, lokacin kullen korona. Ma'aikatan sun shaida wa manema labarai cewa an yi musu alkawarin ƙarin kuɗi in sun zauna, wanda ya ƙi kuwa a bakin aikinsa. Ba fita, ba ganin iyali. Asirin bai tonu ba sai da ɗaya daga cikinsu ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam. Kusan wata uku ana wannan ta'asa a tsakiyar rukunin masana'antu, kuma dokar masana'antu ta 1987 ta ba jami'an ma'aikatarka ikon shiga irin wannan wuri su duba. Ina suke?

Wancan ma da sauƙi, tunda akwai ƙofa da kwaɗo da ido zai gani. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a sa masa kwaɗo. Kamfani ba ya ɗaukar lebura da kansa, sai ya ba ɗan kwangila. Ɗan kwangila ya tura ɗan kamasho ƙauye bayan an gama girbi, ya kwaso samari 'yan ci-rani, wasu daga ƙauyukanmu, wasu daga tsallaken iyaka, wajen Maraɗi da Damagaram. Ya biya musu kuɗin mota, ya ba iyaye ɗan abin goro. Da isowa sai a ce duk bashi ne. Tuwon dare bashi, tabarmar kwana bashi, maganin zazzaɓi bashi. Ƙarshen wata yaron da ya wuni yana dakon buhu mai kilo 50 ya miƙa hannu, a ce masa tukuna, "ba ka fita ba". Wayarsa da katin shaidarsa suna aljihun ubangida, wai ajiya. In kuwa daga Nijar ya zo, barazana ɗaya ta isa: a ce za a haɗa shi da jami'an shige da fice, alhali bai san haƙƙinsa ba. Wannan yaro yana iya fita bakin titi ya sayi shayi, amma ba ya iya barin aikin. Ko a wurin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ɗaure mutum da bashi, riƙe masa albashi da ƙwace takardunsa suna cikin manyan alamomin aikin tilas.

Ka tambayi manajan kamfani, zai ce maka, "Ai ba ma'aikatanmu ba ne." Wannan amsa ce nake roƙon ka hana ta aiki. Buhun da yaron ya ɗauka tambarin kamfanin ne a jikinsa, ribar kuma asusun kamfanin ta shiga. Wanda ya ci moriyar gumin, shi ya kamata a fara tuhuma.

Ba dokoki muka rasa ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta bauta da aikin tilas. Najeriya ta amince da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 29 kan aikin tilas tun 1960. An kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP a 2003, aka ƙarfafa dokarta a 2015. Dokar ƙwadago kuma ta ce mai sana'ar ɗebo ma'aikata sai da lasisi, ma'aikatarka ce ke bayar da shi. To, a fitar da sunayen masu lasisin nan jiha-jiha, a liƙa, a karanta a rediyo da Hausa, uba a ƙauye ya san wanda zai miƙa wa ɗansa. Kamfanin da aka kama yana hulɗa da marar lasisi a hukunta shi tamkar shi ya aikata.

Na san za a ce wannan zai takura wa masu zuba jari, ga tsadar wuta da man dizal sun riga sun durƙusar da masana'antu da dama a Sharaɗa da Bompai. Gaskiya ne suna cikin matsi. Sai dai a duba abin da ke tafe. A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da dokar hana sayar da duk kayan da aka samar da aikin tilas a kasuwanninta, za ta fara aiki a Disamban 2027, kuma ta shafi kowane mataki, tun daga gona har jirgin ruwa. Riɗi da zoɓorodon da ake lodi a Dawanau, da fatun da ake jemewa a Kano ana kaiwa Italiya da Sifaniya, duk za su iya faɗawa ƙarƙashin bincikenta. Mai saye zai tambayi wace ce ta tsince wannan zoɓorodo, nawa aka biya ta, shekarunta nawa. Ɗan kasuwar da ba shi da amsa a rubuce zai rasa ciniki. Tilasta musu rubuta sunan kowane lebura da abin da aka biya shi yau taimako ne a gare su, ko da sun yi ƙorafi.

A ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2021, mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas, kuma mafi yawansu a hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu suke, ba gwamnatoci ba. Shi ya sa nake ganin barin wannan aiki ga NAPTIP da 'yan sanda kaɗai kuskure ne. Su sai ɓarna ta auku ake kiransu. Jami'in binciken ƙwadago shi ke da damar shiga tun kafin nan.

Amma ba ziyarar da ake sanar da manaja tun ana jibi, a share fili, a zauna ofis a sha lemo ba. A je ba zato, har da dare lokacin da ake lodin tireloli. A keɓe lebura a yi magana da shi cikin harshensa, ba a gaban ɗan kwangila ba. A tambaye shi abu uku kawai: ina katinka, yaushe aka biya ka na ƙarshe, kuma in ka ce za ka tafi gida gobe, wa zai hana ka? A kuma haramta cire kuɗin ɗauko ma'aikaci daga albashinsa. Wanda yake son a yi masa aikin shi zai biya kuɗin mota.

Ranka ya daɗe, ana gama girbi samari za su sake cika motoci zuwa birni. Ina roƙonka ka ba ofishin ma'aikatarka na Kano umarni, da mota da man zuwa, a fara da Challawa, Sharaɗa, Bompai da Dawanau, sannan a bayyana wa jama'a abin da aka tarar.

Wassalam,
Wani mazaunin Kano