Haddar ƙirga ba sanin lamba ba ce

Sau nawa muke tsai da yaro ɗan shekara 4 a gaban baƙi, ya rera ɗaya, biyu, uku har ashirin, mu yi ta tafi? To, a rubuta masa 6 da 9 a ƙasa, a ce ya nuna shida. Sai ya yi tsuru-tsuru. Waƙa ya haddace, bai san lamba ba.

Laifin namu ne, iyaye da malamai, gama muna son sauri. Yaro kuwa sai hannunsa ya taɓa abu kafin kansa ya riƙe shi. A ba shi murfin kwalba uku ya ɗauka ɗaya-ɗaya, sa'an nan ya zana 3 cikin yashi da yatsa. Lamba ɗaya ta isa mako guda, ba a kashe ko kwabo.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaran da muke turawa bayan aji: kurma, makaho, da wanda fahimtarsa take zuwa a hankali. Rerawa ba ta kaiwa ga kurma, amma yana ganin yatsu da tsakuwa sarai. Allo ba ya amfanar makaho, duk da haka tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, inda yatsa yake karanta ɗigon Braille. Mu da ba mu da irin kayansu, me zai hana mu manna igiya a kwali cikin siffar lamba, yaro ya shafa?

Ran Lahadi kuma, in an kira lambar waƙa, a bar yaron ya nemo ta da kansa, ko da za a kai baiti na biyu yana ta buɗe littafi.