Fashewar Tayar Keke: Laifin Masana'anta Ne Ko Na Mai Faci?

A makon jiya ne wani dattijo da ke aikin masinja a sashenmu ya shigo ofishina yana ɗingishi, gwiwarsa ɗaure da bandeji, hannunsa riƙe da wata tayar keke wadda ko 'yan gasusuwan robar da ke jikin sabuwar taya ba su gama zubewa ba. Na ce, "Baba, lafiya kuwa?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kwana tara da na saye ta. Ina cikin tafiya sai na ji ƙara kamar ta bindiga, kafin in ankara ga ni a cikin kwata." Ya koma wurin wanda ya sayar masa, aka ce masa ai mai faci ne ya ɗura mata iskar da ta fi ƙarfinta. Ya garzaya wurin mai faci, shi kuwa ya rantse cewa tayar ce jabu. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in karanta masa rubutun da ke gefen tayar, ko Allah Ya sa ya gane wanda ya cuce shi.

Mai karatu na iya ganin cewa tayar keke ba ta kai matsayin da za a ɓata shafin jarida a kanta ba. Ni ma da haka nake gani, har sai da na lura da yadda titunanmu suka sauya tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya tsaya a naira 70,000 bisa dokar 2024 ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya ba shi shawarar jingine babur. Malaman firamare, masu gadi, leburori, ɗalibai, har da wasu ƙananan ma'aikatan jami'a, duk sun kakkaɓe ƙurar kekunansu. A 2001, lokacin da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, dariya aka yi masa, musamman bayan da wata motar bas ta ture shi a Abuja. Abin da kiran minista ya kasa yi, tsadar rayuwa ta yi shi cikin wata guda.

Abin takaicin shi ne mun koma kan keke a daidai lokacin da ba mu da ikon komai a kan abin da keken ke tafiya a kai. Akwai zamanin da ake haɗa kekunan Raleigh a nan Kano. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antar tayarsa da ke Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina ƙera taya a Ikeja a 2008, kuma matsalar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje masu araha na cikin manyan dalilan da aka bayar. Ga itatuwan roba a Edo da Delta da Kuros Riba, ga Cibiyar Binciken Roba ta Ƙasa a Iyanomo kusa da Benin, amma ɗanyar robar muke fitarwa, mu kuma sayo taya daga Asiya. Da darajar naira ta faɗi bayan sakinta a watan Yuni na 2023, sai ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ya tsinci kansa tsakanin abu biyu: ko ya ninka farashi ya rasa masu saye, ko ya nemi mafi ƙarancin inganci. Kowa ya san wanda akasari aka zaɓa, kuma masu iya magana sun riga sun ce araha ba ta ado.

Domin in yi wa Baba adalci, sai na ɗauki tayar na kai wa wani abokina malami a tsangayar injiniyanci. Bayanin da ya yi mini ya cancanci ya fita daga harabar jami'a. Tayar keke abu uku ce: zaren ciki da aka jera gicciye wanda shi ne ke riƙe ƙarfin iska, robar da ta lulluɓe shi, da kuma wayar ƙarfe da ke zagaye da bakin taya wadda ke kama rim. Tiyub jaka ce kawai ta ajiye iska, ba shi da ƙarfin kansa. A gefen taya ta gari akwai lambobi iri biyu. Na farko girmanta ne. Keken gargajiya irin na iyayenmu yana ɗaukar 28 x 1½, wadda a ma'aunin ƙasa da ƙasa ake rubutawa 40-635, wato faɗinta milimita 40, zagayen bakinta kuma yana zama a kan rim mai milimita 635. Akwai kuma wata tayar da ake kira 28 amma ta rim mai milimita 622 ce, irin ta kekunan gwanjo da ake shigowa da su daga Turai. Bambancin milimita 13 ya isa ya sa taya ta ƙi shiga, ko ta shiga a sake ta kuma fice daga rim ana tsakiyar tafiya. Lamba ta biyu ita ce iyakar ƙarfin iska, ana rubuta ta da PSI ko bar, kuma bar ɗaya daidai yake da kusan PSI 14.5.

A nan ne kuskurenmu na yau da kullum yake. Mafi yawan masu faci da babban yatsa suke auna iska. Wasu kuma da injin da suke ba motoci iska suke ba keke, alhali cikin tayar keke ƙarami ne ƙwarai, daƙiƙa biyu ko uku na iya kai ta inda bai kamata ba. A ɗaya ɓangaren kuma akwai mahaya da ke rage iska da gangan, wai don kada zafin rana ya fasa taya. Gaskiyar lissafi ita ce, tayar da aka ba PSI 60 da sanyin safiya a ma'aunin zafi 25, idan ta yi zafi ta kai 45 da rana, iskarta za ta tashi ne zuwa wajen 65 kacal. Lafiyayyar taya ba ta fashewa saboda wannan. Ƙarancin iska kuwa ɓarnarsa ta fi yawa, domin duk lokacin da aka faɗa rami rim yakan matse tiyub ya huda shi, gefen tayar kuma ya dinga lanƙwashewa har zarensa ya tsinke. Ga shi kuma kekunanmu ba mutum ɗaya suke ɗauka ba, har da buhun masara da jarkokin ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kowace fashewa ke barin shaidarta. Ƙananan huji biyu a jere, kamar saran maciji, alama ce ta ƙarancin iska. Huji a cikin tiyub ta ɓangaren da ke kallon rim yana nuna kan wayar ƙafa ne ya soke shi, saboda robar da ke rufe kawunan wayoyin ta lalace. Doguwar tsaga mai tafe da ƙara tana nufin bakin taya ya kuɓuce daga rim, ko don iska ta yi yawa, ko an matse tiyub a ƙarƙashin bakin lokacin ɗaurawa, ko kuma wayar bakin ce ba ta da kirki. Ƙulli ko kumburi a jikin sabuwar taya, da tiyub ɗin da ya ɓalle a kan layin haɗinsa ko a gindin bawul ba tare da an taɓa hawansa babu iska ba, waɗannan galibi daga masana'anta suke. Da muka buɗe tayar Baba, sai muka tarar wayar bakinta ta zare daga cikin roba kusan tsawon taƙi guda, kuma ta yi tsatsa. Taya mai kwana tara a hannun mai ita ba ta da dalilin tsatsa a ciki. Abokina ya ce mai yiwuwa mai faci ya ɗan zarce, amma tayar ta zo da ajalinta tun daga kwantena. Babu sunan ƙasar da aka ƙera ta a jikinta, babu adireshin kowa.

A matsayina na ɗalibin harshe, akwai abin da ya tsaya mini a rai. Hausa ta karɓi keke hannu bibbiyu, ta ari taya da birki da famfo da bawul da faci ta mayar da su 'yan gida. Amma ta ari sunayen kayan ne kawai, ba a taɓa miƙa mata bayanin da ke tafe da su ba. Gargaɗin da zai ceci ƙafar Baba yana nan a rubuce a jikin tayar, cikin ƙananan haruffan Ingilishi da ma'aunin da ko mu da muka yi digiri uku sai mun tambaya. Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye haƙƙin samun bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, ta kuma ba shi haƙƙin mayar da kaya mai aibi. Sai dai ina amfanin haƙƙin da mai shi bai taɓa jin labarinsa ba, kuma ko rasit ba a ba shi ba?

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, tana nan tun 1971, kuma tun 2005 take da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su tun kafin su baro ƙasashensu. Ita da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa sun sha yin gangami a kan tayoyin mota da wa'adinsu ya ƙare, har direbobi da yawa sun iya karanta lambobi huɗun nan da ke nuna mako da shekarar ƙera taya. Wannan aiki ne mai kyau, amma hankalinsa na kan masu mota ne. Mai keke idan ya faɗi, ba a kiran jami'i, ba a rubuta rahoto, shi da mai ɗorin unguwa ne kawai suka san abin da ya faru. Tunda babu ƙididdiga, sai a ɗauka babu matsala.

Saboda haka ina kira ga SON da ta dinga ɗaukar samfurin tayoyi da tiyub na keke daga manyan kasuwanninmu tana gwadawa, ta kuma bayyana sakamakon a fili, sannan ta hana sayar da duk tayar da ba ta ɗauke da sunan mai ƙera ta da ƙasarsa da iyakar iskarta. Ya kamata FCCPC ta tilasta wa masu shigo da kaya liƙa 'yar takarda cikin Hausa, boko da ajami, mai bayyana girman taya da ƙarfin iskar da take ɗauka, kuma sassan nazarin harsunan Nijeriya na jami'o'inmu za su iya daidaita kalmomin cikin mako guda idan aka nemi su yi. Ƙungiyoyin masu faci su wajabta wa kowane ɗan ƙungiya mallakar geji, domin kuɗinsa bai kai na jinyar karaya ba, kuma shi ne zai wanke su ranar da aka ɗora musu laifin da ba nasu ba. Gidajen rediyonmu su ware ko da minti biyar ne a mako don wannan faɗakarwa. Mai keke kuma ya nemi rasit, ya duba lambar da ke tsohuwar tayarsa kafin ya sayi sabuwa, ya kuma ƙara iska a kai a kai, domin tiyub yakan rage iska da kansa ko da babu huji.

Baba dai mun yi masa karo-karo a sashe ya sayi wata tayar, ya kuma koma kan kekensa tun gwiwar ba ta gama warkewa ba, domin kuɗin mota kullum ya fi ƙarfin albashinsa. Tsohuwar tayar tana nan a ofishina, zan kuma miƙa ta ga duk jami'in da ke son ganin shaida da idonsa. Allah Ya sa masu alhakin abin su ji, su kuma gyara.