Zuba Wa Saniya Mai Ba Ya Ƙara Man Shanu

Da rani ya tsananta, ciyawa ta ƙare a daji, mai saniyar tatsa yakan shiga kasuwa neman abin da zai riƙe ta. Sai ya sayo dusa, da tunkuza, da angurya, wani ma har ya tsiyaya mata man gyaɗa a cikin dusar, wai don nono ya yi maiƙo. A ganinsa mai shi ke haifar da mai. Bayan kwana kaɗan uwargida ta kaɗa nono, ta ga man da ya taso bai kai na dā ba, a ce saniya ce ta tsufa. Nan kuwa laifin yana cikin akurkin abinci.

Ga yadda abin yake. Man da ke cikin madara ta hanya biyu yake zuwa. Kusan rabinsa hantsa ce ke ƙera shi da kanta. Cikin babban tumbin saniya akwai waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani, su ke narkar da ciyawa da harawa da kara, su mai da su wani ruwan tsami, jini ya kai shi hantsa, ita kuwa ta gina mai da shi. Sauran rabin daga man da ke cikin abinci yake fitowa, da kitsen jikin saniyar. Watau ciyawar nan da ake rainawa ita ce uwar man shanu.

Shi kuma mai ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai daskarewa, kamar kitse, akwai kuma mai zama ruwa, kamar man gyaɗa da man angurya da na waken soya. Ƙwayoyin nan na tumbi ba su son mai na ruwa, don yana cutar da su, saboda haka sai su yi ta juya shi har ya koma irin mai daskarewa. In kaɗan ne, kuma tumbi na cike da ciyawa, aikin yakan tafi daidai. Amma in an tsuga man da yawa, ga hatsi da dusa, ga ƙarancin harawa, sai tumbi ya yi tsami fiye da kima, aikin ya karkace, a sami wani sinadari wanda ke hana hantsa ƙera mai. A shekara ta 2000 Dale Bauman da abokan aikinsa na Jami'ar Cornell a Amurka suka nuna ainihin wannan sinadari, suka kuma ga giram ƙalilan a rana ya isa ya karya man madara ƙwarai. In abin ya yi tsanani, har rabin man yakan tafi, alhali yawan madarar bai ragu ba. Shi ya sa mai saniya ba ya lura sai ran kaɗi.

To, ba a ce kada a ba saniya mai ko kaɗan ba. Ciyawa da kanta tana da ɗan mai, kamar kashi 2 ko 3 cikin 100. Masana kiwo sun ce man da ke cikin dukkan abincin saniya, in an auna shi a bushe, kada ya wuce kashi 6 ko 7 cikin 100. Angurya ɗungurungum tana da mai wajen kashi 20, amma yana kulle cikin ƙwaya, a hankali yake fita sa'ad da saniya ke tuƙa, ga kuma ragowar audugar da ke jikinta tana yi wa tumbi amfani. Don haka ta fi tsiyayayyen mai nesa ba kusa ba. Amma fa da awo. A Amurka manyan shanunsu ba a cika ba su fiye da kilo 2 ko 3 a rana ba, saniyar Bunaji kuwa ba ta kai su jiki ba, sai a rage mata. Maruƙa ƙanana kada a ba su, gama akwai wata guba cikin angurya da tumbinsu bai yi ƙwarin da zai kashe ta ba tukuna.

Wani zai ce ai Turawa suna sayen mai musamman su ba shanu, man madara ya ƙaru. Gaskiya ne. Irin mai daskarewa ne da ake fitarwa daga manja, ana ce da shi palmitik, ba ya damun tumbi, kuma lalle yana ƙara maiƙo. Amma kuɗi yake ci, yana kuma canja man. A shekara ta 2021 mutanen Kanada suka yi ta gunaguni cewa man shanunsu ya yi tauri, ba ya laushi ko an ajiye shi a ɗaki. Aka zargi wannan abinci, har ƙungiyar masu shanun tatsa ta ƙasar ta roƙi manoma su nemi madadinsa kafin a gama bincike. Wanda rumbunsa ba harawa, ba wannan ne abin da zai fara nema ba.

Maganar ta fi shafar masu kiwon shanun Turai da ruwa-biyu a gefen gari, irin waɗanda ake haɗawa da Bunaji a Shika kusa da Zariya. Madarar saniyar Firiziya mai yawa ce, amma manta bai cika wuce kashi 4 cikin 100 ba, na Bunaji kuwa yakan kai 5. Su ne kuma ake ɗaurewa a turke ana ɗura musu dusa, saboda haka su suka fi saurin faɗawa cikin wannan hasara.

Akwai kuma hakki a kan 'yan kasuwa. Mai sayar da abincin dabbobi ya kamata ya rubuta yawan man da ke ciki a jikin buhu, domin tunkuzar hannu ta fi ta injin kamfani saura mai. Mai sayen madara kuma ya biya bisa ga maiƙonta. Tun 1890 Stephen Babcock na Wisconsin ya fito da hanya mai sauƙi ta auna man madara, kuma a ƙasashen Turai da Amurka bisa awon mai ake yanka farashi. Muddin mudu kawai ake dubawa, wanda ya kyautata kiwo da wanda ya tsarma ruwa kuɗinsu ɗaya.

Manomi dai ya tara harawar wake da ta gyaɗa tun da kaka, ya adana kara a inuwa. Ya fara ba saniya ciyawa kafin dusa, ya raba dusar safe da yamma, kada ya canja mata abinci dare ɗaya. Ya riƙa duba garkensa da hantsi. Saniyar da ta kwanta tana tuƙa, yawunta na kashe tsamin tumbi, ita ce za ta cika ƙwarya da mai. Allah ya ba da albarkar kiwo, amin.